Kwana Huɗu a Bahon Niña Tancho

Ranar Laraba da hantsi yashin da ke saman ramin ya lotsa, ya yi ɗan kwari kamar an danna shi da gindin kwano. Niña Tancho ta hango tun daga ƙofar shinge. Ta yar da tsintsiyar da ke hannunta, ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo, ta kara kunne a ƙasa. Tana jin motsinsu can ciki.

Kwana hamsin da tara ke nan tana gadin ramin nan. Sauran ramukan da ke cikin shingenta duk na ƙananan kififiyar teku ne, irin masu hawowa kowace shekara, masunta su kwaso ƙwan su kawo mata, ita kuma ta sake binnewa inda kare da ɓarawo ba za su kai ba. Wannan kuwa na baule ne, babbar baƙar nan mai baya kamar fata, wadda ta kai saniya nauyi. Rabon baule da gaɓar Bocana Prieta shekara goma sha ɗaya. Da ta hawo a watan Nuwamba, Tancho da kanta ta kwashe ƙwan, ba ta yarda ko ɗaya ya juya a hannunta ba. Ta auna zurfin ramin uwar da hannunta har hammata, ta haƙa irinsa a cikin shinge, ta yi masa rumfa da ganyen kwakwa. Tun daga ranar sau biyu kawai aka gan ta a coci. Da fada, limamin cocin, ya yi mata ƙorafi, cewa ta yi Allah ya san inda take.

Da la'asar suka ɓullo, su arba'in da uku, baƙaƙe masu layin fari a baya, kowanne bai cika tafin hannu ba. Ta jera su a bahon roba a kan danshin yashi. Tsohuwa mai shekara sittin da takwas, wadda ko a jana'izar mijinta ba a ga hawayenta ba, sai ga ta tana share ido da gefen zane.

Dokar aikin ba ta da wuya, kowa a garinmu ya san ta. Ɗan kififiya yana fitowa da guzurinsa a ciki, ragowar gwaiduwar ƙwai, kuma wannan guzurin ne zai kai shi can tsakiyar teku. Ranar da ya fito ranar ake sakinsa, idan rana ta kusa faɗuwa, yashi ya huce, tsuntsaye sun koma kurmi. A ajiye shi taku ashirin daga ruwa, ya ja jiki da kansa, don ya san gaɓar da zai dawo wata rana. In ka tsare shi ba zai zauna ya jira ka ba. Iyo zai yi ta yi a cikin bahonka har guzurin ya ƙare.

Kuskuren Tancho ɗaya ne, murna. Tun da hantsin ta tsaya a rumfar Zoila mai gasa wainar masara, ta faɗa mata yau baule za su fito. Abin da kunnen Zoila ya ji kuwa, kafin a juya waina ya zagaye gari. Don haka da ta ɗauko bahon ta nufi ruwa, sai ga ƙanenta Nicanor tsaye a hanya. Shi ne shugaban ƙungiyar masunta, ko da yake rabonsa da shiga kwalekwale an manta. Yana sanye da hular jam'iyyar magajin gari, ruwan ɗorawa, wadda wasu suka rantse da ita yake wanka.

"Yaya, ina za ki da bahon nan?"

"Kasuwa zan kai su in sayar. Matsa mini, rana na tafiya."

"Tsaya mana. Na yi wa magajin gari, Don Filadelfo, waya. Gobe da safe zai zo da masu ɗaukar hoto, shi zai sake su da hannunsa."

"Shi ya yi ƙwan?"

"Ki rage murya, Yaya, baƙi na kallonmu." Ya matso kusa. "Filin da shingenki yake, da bukkarki, na wane ne? Na hukuma ne. Sau biyu mutanen otal suna zuwa suna auna wurin nan da igiya, kina gani. Takardar mallakar filin da kike bi shekara shida tana kan teburinsa. Zaɓe saura wata guda, hoto yake nema. Ki ba shi hoto, ya sa miki hannu a gaban jama'a. Kwana ɗaya tak."

Tancho ta dubi bahon, ta dubi rana. Ta san dabarar kwana ɗaya. In aka rufe su a duhu, a kan danshin yashi, ba ruwa, ba motsi, lafawa suke yi. Ta kuma san in shingen ya tafi, duk ƙwan da za a yi a gaɓar nan a cikin roba za a sayar da shi a mashaya, da gishiri da lemun tsami. Ta juya da bahon zuwa bukka. Ni dai a ranar ban ga laifinta ba.

Alhamis gari ya waye da zafi. Rani ya kankama, motocin mutanen birni tun da sassafe suke sauke su da tabarmi da akwatin ƙanƙara da rediyo. Matanmu na soya kifi, maza na fasa kwakwa, kowace inuwa an ɗaura mata ragar kwanciya ta haya. Kwasakwasa na wucewa a jere a saman ruwa, baƙi na nuna su da yatsa sai ka ce jirgin sama. Magajin gari dai shiru. Tancho ta sa rigarta ta zuwa coci tun ƙarfe bakwai, tana zaune a ƙofar bukka har rana ta take tsaka. Daga nan ta gangara rumfar Zoila.

Rediyon da ke rataye a jikin ginshiƙi yana ta zuba. Jam'iyyar magajin gari ta dare biyu a babban birni, 'yan majalisa tara sun sauya sheƙa, an jefi kakakin majalisa da robar ruwa, an kira duk magadan gari taron gaggawa.

"Kin ji ko, Niña Tancho?" in ji Zoila, tana tafa ƙullu a hannu. "Angonki ba zai zo ba yau. Kin ɓata hodarki a banza."

"Ina Nicanor?"

"Yana can yana bin waya kamar kaza ta ga tsaba. Tun safe bai san ko ya cire hular nan ko ya bar ta ba."

Wani baƙo mai jan tumbi, da kwalbar giya a hannu, ya ce duk ɓarayi ne, a haɗa su a jirgi ɗaya a kai su tsakiyar teku. Aka yi dariya. Tancho ba ta yi ba.

Da rana ta yi sanyi ta shiga bukka ta ɗaga buhun da ta rufe su da shi. Duk suna da rai, suna ta haƙilon hawa jikin roba. Ta ce alkawari kwana ɗaya ne, kuma kwana ɗaya ya cika. Ta ɗora bahon a ka, ta bi ta bayan rumfuna inda ba mutane. Saura kaɗan ta kai danshin yashi Nicanor ya cim mata da gudu, yana haki.

"Yaya! Kashe ni za ki yi?"

"Ka ce kwana ɗaya."

"Gobe zai zo, ya aiko mini da saƙo!"

"To gobe ya saki uwarsa."

Ya kama bakin bahon, ta riƙe. Ta girme shi da shekara goma sha biyu, kuma ita ce ta goya shi lokacin da uwarsu ke aikin gonar auduga. Ya murɗe mata hannu har ta saki, ta zauna daɓas a yashi. Baƙi suka fara taruwa, wasu sun ɗaga waya. Nicanor ya juya gare su da fara'a.

"Ba komai, jama'a, ku yi haƙuri. Yayata ce, tsufa ne. Wani lokaci kan yakan ɗan juya."

Wata mata ta ce Allah sarki, haka kakarta ta yi. Suka watse. Shi kuma ya kai bahon sitonsu na ƙungiya, inda ake ajiye injin kwalekwale da jarkokin mai, ɗaki mai rufin kwano ba taga. Ya datse da kwaɗo, ya sa makullin a aljihu.

Juma'a labari ya zo cewa Don Filadelfo da kansa ya sauya sheƙa. Rediyo ya sako muryarsa yana cewa ya yi ne don talakawa, bayan ya kwana biyu yana addu'a. Kafin azahar hular Nicanor ta ɓace daga kansa, goshinsa ya fito fari fat inda rana ba ta taɓa gani ba. Sabuwar jam'iyyar launinta shunayya ne. Riguna ɗari uku da ƙyallaye da aka buga masu ruwan ɗorawa duk sun tashi a banza, sai an buga sababbi. Mai bugawa kuma ya ce ko za a yanka shi ba zai gama ba sai Asabar da yamma.

"Lahadi ke nan," in ji Nicanor. "Ya ma fi, ranar ce gaɓa ke cika."

Tancho ta kwashe yinin nan a zaune a ƙofar sito, ta jingina da ƙyaure. Tana jin ƙarar 'yan hannuwansu a jikin roba, ƙaras, ƙaras, ba hutawa. Wani daga cikin yaran jam'iyya, don neman suna, ya bi Nicanor ciki da safe ya ga babu ruwa a bahon, ya ce wace irin mugunta ce wannan, ya juye musu bokiti guda. Tun lokacin suke iyo. Sau biyu a rana Nicanor ke buɗe mata, yana tsaye a kanta. Ta tsiyaye ruwan, ta sauya yashi, ta jiƙa buhu ta rufe, amma zafin ɗakin nan ko burodi ka sa zai gasu. Da yamma ta fitar da uku da suka daina motsi.

"Nica," ta ce, da sunan da take kiransa yana yaro, "don girman Allah. Ka ba ni rabi in sake su yanzu. Ka riƙe rabi."

"Rabi ba ya cika hoto, Yaya."

"Goma."

"Na riga na faɗa masa arba'in da uku. Kawo waɗannan ma." Ya karɓi matattun ukun daga hannunta ya mayar cikin baho. "Daga nesa ba a ganewa."

Ta je wurin fada, aka ce ya tafi wani ƙauye ɗaura aure. Ta je wurin masuntan da suka shekara ashirin suna kawo mata ƙwai, ta ce su zo su ɓalle kwaɗon. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran koma. An yi musu alkawarin sabon inji, kuma Nicanor ne ke riƙe da jerin sunaye. Ɗaya daga cikinsu ma cewa ya yi, "Niña Tancho, kififiya ce fa, ba mutum ba." Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita ma ba ta ɗauki gatari da kanta ba. Akwai gatari a bukkarta. Ta dube shi ya fi sau goma ranar Asabar, sai ta tuna mutanen otal da igiyarsu, ta koma ta zauna a ƙofar sito. Ƙarar da ke ciki ta ragu sosai, sai ka kasa kunne kafin ka ji.

Lahadi aka ce ƙarfe tara. Sha biyu saura suka iso, motoci shida, da babbar mota ɗauke da lasifika tana kiɗan da ya kori duk wani zalɓe daga bakin kurmi. Aka raba riguna. Mutanen da ran Laraba suke rantsuwa da ruwan ɗorawa suka yi ta kokawa a kan shunayya, Zoila ta samu biyu. Wata budurwa ta zura wa Tancho ɗaya a kan rigarta ta coci ba tare da ta tambaye ta ba.

Don Filadelfo Orantes ya hau teburin da aka shimfiɗa wa ƙyalle, gajere ne mai ƙamshin turare, ya yi minti arba'in yana magana. Ya zagi jam'iyyar da ya bari shekaranjiya, ya ce su ne suka kashe teku. Ya ce 'ya'yan baule nan alama ce ta sabuwar tafiya. Sannan ya kira Tancho da sunanta na asali, "uwarmu Niña Tránsito", ya rungume ta, ya sa hannu a takardar a kan bayan Nicanor, wanda ya duƙa ya zama tebur da murnarsa. Aka yi tafi. Ta ninke takardar ta cusa a ƙirji.

Aka kawo baho. Ta ƙirga da ido, waɗanda ke motsi ba su kai talatin ba, motsin ma na ɗaga kai ne a sauke. Aka ja layi a yashi, aka jera manyan baƙi, aka ba kowa guda a cikin ƙoƙon kwakwa. Yashin Bocana Prieta baƙi ne, kuma da tsakar rana ko kare ba ya taka shi. Duk waɗanda ke kan layin takalmi ne a ƙafarsu.

"Ranka ya daɗe," Tancho ta ce, "a bari rana ta yi sanyi. Ko a matsa kusa da ruwa."

"Ƙarfe biyu muna da wani taron, mama," in ji shi, yana murmushi ga mai hoto. Mai hoton kuma ya ce in aka matsa, ƙyallen ba zai fito ba.

Lasifika ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku, aka kifar da ƙoƙuna. Wasu a inda suka faɗi a nan suka tsaya. Wasu suka ja jiki taku biyu, uku, suka buɗe baki. Kamar goma sha biyu ne suka miƙa sosai, suna jan ciki a kan wutar yashin nan, sun nufi hasken ruwa. Sai inuwa ta fara gilmawa. Tsuntsayen nan da muke kira almakashi saboda wutsiyarsu, waɗanda da yamma ba ka ganin ko ɗaya, sun taru a sama tun da aka buɗe baho. Na farko ya sauko ya sure ɗaya ko taɓa ƙasa bai yi ba. Jama'a suka ɗauki ihu. Da na biyu ya kuskure, sai aka yi sowa da tafi kamar a filin ƙwallo. Mai jan tumbin nan na ranar Alhamis yana ta tsalle, yana cewa ya sa kwalba biyu a kan na gefen hagu.

Bakwai suka kai danshin yashi. Tancho ta bi su da ido, tana motsa baki. A lokacin ne mai hoto ya ɗaga hannu.

"A sake! Iska ta naɗe ƙyallen, sunan mai girma bai fito ba. A dawo da su!"

Yaran jam'iyya suka ruga. Ta yi ihu, ta ce kada wanda ya taɓa su, amma muryarta ba ta fi ƙarfin lasifika ba. Nicanor ya riƙe ta ta baya, yana ce mata a kunne, "Takardar tana ƙirjinki, Yaya, kada ki ɓata komai yanzu." Aka tsinto biyar daga bakin ruwa, har da wanda kumfa ta riga ta taɓa, aka dawo da su kan layi, aka sake ƙirga ɗaya, biyu, uku. A karo na biyu biyu ne kawai suka iya komawa. Tancho ba ta ga ko ɗaya ya wuce inda igiyar ruwa ke karyewa ba.

An fara naɗe ƙyalle sai aka ji kukan yarinya. 'Yar autar magajin gari ce, Maritza, ba ta wuce shekara shida ba, da ribom shunayya a kai. Ta ƙi kifar da nata ƙoƙon tun farko, ta rungume shi a ƙirji.

"Baba, nawa ba ya motsi. Na yi masa magana ya ƙi."

Don Filadelfo ya duba ya ga mai hoto ya juyo da na'urarsa. Ya durƙusa ya dafa kafaɗar 'yar, ya yafito Tancho. "Ga gwanar nan. Mama, faɗa mata me ya same shi."

Tancho ta karɓi ƙoƙon. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane yana cikin ukun ranar Juma'a. Idanun sun bushe sun faɗa, har ya fara wari. Yarinyar ta ɗago fuska tana jira, majina na zuba. Uban ma yana jira, da Nicanor, da mutum ɗari uku masu riga iri ɗaya.

"Barci yake yi, 'yar nan," in ji Tancho. "Ruwa ne zai tashe shi."

Ta cire takalmi ta shiga teku har gwiwa, ta ajiye shi a kan ruwa. Igiyar ruwa ta ɗauke shi, ta juya shi, ta kawo shi har gaban takalmin yarinyar, cikinsa a sama. Wani ya yi dariya a baya. Tancho ta dawo ta ɗauka, ta ƙara shiga ciki, ta ajiye. Ruwa ya sake dawo da shi. Yarinyar ta buɗe baki za ta fasa sabon kuka, murmushin uban ya fara ƙagewa.

A karo na uku Tancho ta shiga har ruwa ya kai mata cinya. Ta juya wa jama'a baya, ta sunkuya, ta tura shi ƙasa, ta ɗora ƙafarta a kai ta danne shi cikin yashi. Ta ji bayansa mai taushi ya lotsa a ƙarƙashin diddigenta. Sannan ta juyo ta ɗaga hannuwanta biyu, ba komai a ciki.

"Ya tafi!" ta ce.

Gaɓa ta ɗauki tafi. Yarinyar na tsalle tana ɗaga wa teku hannu. Mai hoto ya shigo ruwa har idon sawu, ya ce mama ta tsaya a nan daidai, kada ta motsa, hasken ya yi kyau, ta ɗan yi murmushi. Tancho ta tsaya a kansa, ta yi murmushin, har sai da ya ce ya isa.